Mai Bin Furosija

Wani ne, manomin tattasai, cikin mutanen da rikici ya koro daga tsallaken Komadugu, ya zauna a Gagamari. Aka ara masa ɗan fili a bakin ruwa, ya yi dashe, tattasai ya kama, sai injin ban ruwansa ya mutu. Kwana uku, ganye ya fara sunkuyar da kai. Da ya ji wani furoje, wato shirin agaji, na raba inji a Diffa, sai ya zura babbar riga ya shigo gari.

A ofishin ya tarar da wani saurayi ɗan Maiduguri, Abdullateef, wanda ba ya iya gama magana bai jefa Turanci a ciki ba. Mutumin ya kwashe bayani kaf ya faɗa masa.

"Baba, inji akwai," in ji Abdullateef. "Amma sai ka bi furosija."

"In bi wa?"

"Furosija. Kowa ita yake bi."

Abdullateef ya nuna takardar da aka manna a jikin ƙofa. Daidai lokacin wata ma'aikaciya ta fito ta ƙofar da jaka a kafaɗa. Mutumin ya yi godiya ya bi bayanta.

Ta shiga kasuwa, ya shiga. Ta tsaya wajen masu banda, ya tsaya, har ya zaɓar mata kifi mai kyau. Ta ƙara sauri, ya tattare riga. Ba su tsaya ba sai ƙofar gidanta, inda mijinta Grema ke zaune a kan tabarma.

"Malam, lafiya?" in ji Grema.

"Lafiya lau. Furosija nake bi."

"Wannan sunanta Hasna. Matata ce."

Hasna ta gane inda aka kwana. Ta ce, "Baba, ai ba mutum ba ce. Wancan Turancin Nijeriya ne. Mu nan furosedir muke cewa."

Mutumin ya dubi Grema daga sama har ƙasa. "Ashe kai ne Furosedir ɗin. Allah ya bar ku tare. To wa zan bi a cikinku?"

Grema ya tashi daga kan tabarma. Ya kama hannun mutumin ya kai shi wurin maƙwabcinsa, tsohon malamin boko Mushe Muhsinu, wanda ya shekara talatin yana koyar da Ingilishi a lakwal, wato makaranta, kuma tun da ya ajiye aiki ba wanda ya sake tambayarsa komai. Mushe ya gyara tabarau, ya gyara zama.

"Kalmar Ingilishi ce, amma aro suka yi wajen Faransawa, su kuma Faransawa suka kwaso ta daga Latin. Gida biyu ce: puro, wato gaba, da kedere, wato tafiya. A kotu, tsarin da shari'a ke bi ke nan. A ofis, matakai ne, wannan bayan wannan. A wajen masu kwamfuta kuwa..."

"Mushe, tattasaina na mutuwa. A gajarce."

"A gajarce, asalinta: wuce gaba."

"Shi ke nan?"

"A Latin, shi ke nan."

Washegari da safe ya koma ofis, ya tarar da layi har bakin titi, mutanen Geskeru da na ƙauyukan bakin ruwa, kowa da takardunsa a leda. Ya yi musu sallama, ya fara wuce su ɗaya bayan ɗaya.

Wani ƙaton masunci ya tare shi. "Dattijo, ina zuwa?"

"Gaba."

"Wa ya ce?"

"Latin ne. Ba za ka gane ba."

Masuncin bai gane ba, na bayansa ma ba su gane ba. Aka tura nan, aka tura can, goshin mutumin ya haɗu da ƙyauren ƙarfe. Aka kwashe shi zuwa likita.

Majon da ke aiki ranar, wato ma'aikacin jinya, mai suna Alkali, shi ma a Nijeriya ya yi karatu. Ya duba ciwon ya ce, "Kada ka damu, Baba. Ƙaramar furosija za mu yi maka."

Mutumin ya tashi zaune, jini na bin hancinsa. "Nan take?"

"Nan ake yi."

"Da an faɗa mini tun jiya, ai da ban wahalar da matar mutane ba."

Alkali ya ɗauko allurar kashe zafi, mutumin ya ce a ajiye ta, kada gobe a ce bai cika ba. Aka yi masa ɗinki huɗu yana kallon silin.

Daga likita bai tsaya ko'ina ba sai gaban Abdullateef, kai naɗe da bandeji, ido ɗaya a kumbure.

"Ɗana, na zo ɗaukar injina."

"Subhanallahi. Baba, me ya same ka?"

"Furosija. An yi mini. Ɗinki huɗu, ba allura."

Abdullateef ya dafe kai. Ya ce, "Baba, waccan ta asibiti ce. Tamu daban take, kuma ko farawa ba ka yi ba."

Mutumin ya cire hula ya ajiye a kan tebur, ya jawo kujera ya zauna, ya juyo da ɗaya gefen goshin.

"To, yi mini taku ta nan. Amma ka bar mini idon nan in ga hanyar gona."