Allon Babila a Farantin Sallah

Kafin waccan Ƙaramar Sallah, wadda ba na jin zan manta da ita ko da na yi ƙoƙari, na yi imani cewa babu zargin da kyakkyawan bayani ba zai wanke ba. A ganina, duk saɓani tsakanin mutum biyu ƙarancin sani ne kawai: a zauna, a jero hujja daga tushe, magana ta mutu. Da wannan aƙidar na yi karatu, da ita kuma na reni 'ya'yana (waɗanda, kamar yadda na gano daga baya, sukan amsa laifin da ba su yi ba don kawai in yi shiru).

Na zo Alƙahira ina saurayi don karatun addini, ƙaddara ta karkatar da ni zuwa tarihi, na zauna a unguwar Abbasiya har furfura ta same ni. Fannina shi ne mutanen da suka rayu tsakanin kogin Dijla da na Furatu, a ƙasar da ake kira Iraƙi yau, dubban shekaru da suka wuce. Ina ƙaunarsu ƙauna ta gaskiya. Su ne suka dinga danna bakin kara a kan ɗanyar laka har abin ya zama rubutu. Su ne suka raba lissafi sittin-sittin, wanda agogon hannunmu ke bi har gobe. Sai dai a kunnen mutanenmu duk wannan suna ɗaya gare shi, Babila, kuma duk wanda ya yi karatun allo ya san abin da ake ambata tare da Babila: sihiri.

A shekarar ne ɗana Nasiru, wanda ya gama karatun haɗa magunguna, ya ga 'yar Alhaji Adamu na unguwar Hayyin Ashir a nan Alƙahira. Alhaji Bahaushen Sudan ne, dattijo mai shagon turare, kakanninsa sun baro ƙasar Hausa da niyyar hajji suka zauna a hanya. Muka je neman izini. Ya karɓe mu da shayi da mutunci, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Daga baya labari ya iso mini cewa ba yaron ne ke damunsa ba, uban ne. An gaya masa ina da ɗaki cike da littattafan Babila, ina kuma zana wasu alamomi da ba Larabci ba, ba boko ba. Ya aiko cewa zai zo mana gaisuwar Sallah da kansa. Kowa a gidan ya gane cewa dubawa zai zo yi.

"Abba, don Allah," in ji Nasiru, "in ya zo a yi hirar azumi da zafin gari. Kar a je Iraƙi."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, in ma maganar ta taso minti kaɗan ya ishe ni in warware wa dattijon komai. Ya dube ni kamar mai jinya da aka ce masa allurar ba ta da zafi.

A cikin azumin nan ina da wani ɗan aiki. Ɗalibai sun gayyace ni lacca bayan Sallah, na so in nuna musu allon makarantar yaran wancan zamani. Zagayayye ne, yana zama a tafin hannu. Malami ya rubuta a fuska ɗaya, ɗalibi ya juya ya kwaikwaya a ɗayar (allonmu ne dai, sai dai na laka). Na sayo yumɓu wurin maginan tukwane na tsohon gari, na fere kara, na mulmula allunan ƙanana don yumɓun ya isa. Na san sarai cewa masu abin a rana suke shanya yawancin nasu. Amma ni na so nawa su jure hannun ɗalibai, don haka na ƙudura sai sun ga wuta.

Wanda ya taɓa yin Sallah a Masar ya san kahk. Shi ne abin tarbar baƙi a kowane gida: ƙullun fulawa da man shanu, zagayayye, a cusa masa dabino, a zana samansa da ɗan matsin ƙarfe, a jera a manyan tire a kai gidan burodin unguwa a gasa, ranar Sallah a barbaɗe shi da garin sukari har ya yi fari fat. Matata, Hajiya Rabi, ta koya wurin maƙwabciyarmu Bamisriya, kuma a wannan shekarar, saboda baƙon da ke tafe, ta ba abin duk ƙarfinta. Ni aka ɗora wa kai tiren.

A tire na ƙarshe akwai gurbi a gefe. Na dubi gurbin, na taɓa aljihuna. (Na sha tambayar kaina abin da mai digiri uku ya yi tunani a wannan lokacin. Amsar ba ta da daɗi: ya yi tunanin cewa ai wuta ɗaya ce.) Na jera allunana kusa da kahk ɗin Hajiya, na miƙa wa mai gashi.

Na karɓo su dab da magariba, maƙogwaro a bushe, ido na ganin bibbiyu. A kan matakalar bene na tsaya na tsince nawa na mayar aljihu. Abin da ban lissafa ba shi ne, gasasshiyar fulawa da gasasshen yumɓu kala ɗaya suke komawa, kuma dukansu da zane a samansu. Na tabbatar wa kaina cewa na tsince duka, na shiga gida na sha ruwa da zuciya fara.

Ranar Sallah bayan azahar Alhaji ya iso, cikin farar jallabiya da rawani, da sandarsa, ƙamshin shagonsa na gaba, shi yana biye. Hira ta yi kyau fiye da yadda na zata. Mun yi maganar tarawihi, mun yi ta zafin gari, mun yi ta yadda Hausar jikoki ke narkewa cikin Larabci. Na ga idonsa ya je kan ƙofar ɗakin karatuna ya dawo. Nasiru ya kawo shayi da madara, ya durƙusa ya ajiye farantin kahk, fari tas, ya koma gefe ya zauna a ƙasa.

Alhaji bai ɗauka kai tsaye ba. Ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga wancan, sannan ya tsaya a kan guda.

"Wannan ya ji dabino," ya ce. "Ni nauyi nake dubawa, ya Duktur. Kahk marar nauyi yaudara ce."

Da yake haƙoransa sun yi ƙaranci, sai ya tsoma shi a shayi ya jira ya yi laushi. Ya ɗago, ya latsa, bai yi ba. Ya sake tsomawa. Sukarin ya narke, shayin ya fara komawa ruwan gulbi. Ya goge saman abin da babban yatsa, ya kai shi kusa da ido. Daga inda nake zaune na hango layukana, tsaf-tsaf, kamar sawun kaza a kan taɓo. Ko a wannan halin, Allah ya gafarta mini, sai da wani ɓangare na zuciyata ya ce rubutun ya fita da kyau.

"A'uzu billahi," in ji Alhaji a hankali. "Nasiru, wannan wane irin zane ne mahaifiyarka ta yi?"

Nasiru ya dube ni.

"Alhaji, kwantar da hankalinka," na ce. "Ba ruwan Hajiya. Ni na rubuta shi."

"Kai ka rubuta. Ka sa mini a abinci."

"Ba kai aka nufa ba musamman. Kowa zai iya ɗauka."

Ya ajiye kofin. "Rubutun ina ne?"

Mai hankali da ya ce na tsohuwar Iraƙi ne ya tsaya nan. Ni kuwa ba na son rabin gaskiya. Na ce asalinsa na mutanen Sumer ne, daga baya mutanen Babila suka gada suka inganta shi.

"Babila," ya ce. "To, me ka rubuta?"

Na yi murna da tambayar, domin amsarta ce nake ganin za ta wanke ni. Na bayyana masa cewa darasin yara ne kawai, sunayen dabbobi suke fara koya. Na miƙa wuya na karanta masa: tunkiya, farar tunkiya, baƙar tunkiya.

"Baƙar tunkiya," in ji Alhaji, yana gyaɗa kai kamar wanda aka cika masa abin da ya daɗe yana zargi.

"Abba," in ji Nasiru ƙasa-ƙasa.

Ban saurare shi ba, domin na hango hujjar da na ɗauka ita ce babba. Na ce wa Alhaji an zalunci mutanen nan. Su kansu tsoron sihiri suke yi fiye da mu. In mutum ya ji an yi masa, sai a ƙera siffar wanda ake zargi da laka ko da ƙullun gari, a jefa a wuta don abin ya karye.

"Laka da ƙullu," ya ce. "A wuta."

Ya dubi abin da ke hannunsa. Ya dubi farantin. Ya ajiye allon a kan tebur da yatsu biyu, ya goge hannu da gefen rawani, ya laluɓo sandarsa.

"Khalas, shi ke nan, ya Duktur. Na gode da shayi."

A nan na ga fuskar ɗana. Bai yi fushi ba, bai roƙi kowa ba. Ya sunkuyar da kai ne kawai, kamar wanda ya daɗe da sanin haka za ta ƙare. Karo na farko a rayuwata na buɗe baki na tarar babu sauran bayani a ciki. Sai hannuna ya yanke hukunci ba tare da shawarata ba. Na ɗauki allon, na ce bismillah da ƙarfi, na kai baki na gartsa masa cizo.

Ina da haƙorin gaba da likita ya yi wa faci shekarun baya, ya kuma gargaɗe ni da ƙashi da rake. Bai ambaci allon Babila ba. Ƙarar da aka ji a falon ba ta yumɓu ba ce. Na tofa rabin haƙori a tafin hannu, bakina cike da ƙasa da jini da ɗan zaƙin shayi, na miƙe tsaye na ce, "Ka gani, Alhaji, laka ce zalla." Sai dai kowane harafi da fito yake fita ta sabuwar kafar.

Alhaji ya tsaya da sanda a hannu yana kallona. Kafaɗunsa suka fara rawa. Ya koma ya zauna, ya rufe fuska da rawani, ya yi dariya har sai da Nasiru ya miƙa masa ruwa.

Daga bayan labule muryar Hajiya Rabi ta fito, a sanyaye, irin sanyin da na fi tsoro: "Malam, a tirena?"

"Ma'alish, yi haƙuri, ya Hajiya," in ji Alhaji yana share hawaye. "Na ga masu asiri a Sudan, na gan su a nan. Duk wayo gare su. Ban taɓa ganin wanda ya cinye nasa har da asarar haƙori ba. Mijinki ba mugu ba ne. Karatu ne ya yi masa yawa." Ya juya ga Nasiru. "Kai kuma, ka ce manyanku su zo bayan Sitta Shawwal. Amma kahk ɗin biki a gidana za a yi shi."

Kafin ya tafi, sai da aka bi farantin ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa da cokali, ni ina riƙe da auduga a baki. An sami wani allon. Alhaji ya sa a aljihu, ya ce zai nuna wa wanda ya kai masa labarina.

Na daɗe ina juya abin a raina. Duk abin da na faɗa a ranar gaskiya ne, kuma kowace gaskiya da na ƙara sai ta matsar da dattijon kusa da ƙofa. Abu ɗaya da ya dawo da shi kujera shi ne wanda ba shi da hujja ko kaɗan, domin cin laka ba ya tabbatar da komai a kowane fannin ilimi da na sani. Ya ga dai mutum ya yarda ya zama abin dariya saboda ɗansa, wannan ya ishe shi.

An ɗaura auren bayan Babbar Sallah. Allunana yanzu a baranda nake shanya su, a rana, yadda masu abin suka yi. Tire kuwa, tun daga shekarar Hajiya Rabi ce ke kai shi gidan burodi da kanta.