Nomau da Robobin Fijon Babansa

Ranar Laraba ce, an kwana ana ruwa. Baba Jatau, tsohon direba, ya kira ɗansa Nomau ya ce yana son a kai shi ƙauyensu ya ga yayansa kafin ya mutu. Wata biyar ke nan yana kwance. Gidan su uku ne: shi, da 'yarsa Ladi mai jinyarsa, da Nomau, ɗan shekara arba'in, wanda abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ƙari ba ragi.

Tsohuwar fijon Baba tana tashi, amma in ta faɗa rami sai gabanta ya yi ta ƙwanƙwasa. Ladi ta ce ba mai sa mata uba a cikin wannan. Sallau bakanike ya leƙa ƙasa, ya ce robobin ƙarfen da ke hana mota karkata ne suka cinye.

Wata rana Sallau ya ciro roba ɗaya ya ba Nomau. "Je ka kasuwa ka samo irinta sak." Nomau ya wuni yana ƙin sababbi. Da la'asar ya dawo da biyu daga bola, tsagaggu kamar ta hannunsa. Sallau ya dube su, ya hau babur ya tafi da kansa.

Wata rana Sallau ya ce, "Kada mai ya kusanci robar nan, yana cinta." Nomau ya tsiyaye man injin kaf, ya kwashe man gyaɗar Ladi ya kai maƙwabta. Kwana biyu suka tafi a haka, Baba kuwa yana ta ramewa.

Wata rana aka sa robobin, aka sauke jak. Sallau ya ce, "Ba a ɗaure notin sai mota na ɗauke da nauyinta." Ya tafi masallaci. Nomau ya shiga ɗaki, ya sungumo Baba, ya zaunar da shi a gaba, ya shiga ƙasa da sifana.

Ladi ta fito. "Nomau, kashe shi za ka yi?"

"Yaya, shi ne nauyin."

Baba ya shafa sitiyari. "Ladi, tunda na shiga ba zan fita ba. Ɗauko bargona."

Da farko ta yi niyyar tsai da tafiyar har sai ya ji sauƙi. Amma ta je ta ɗauko. Da Sallau ya dawo ya ja su, motar ba ta yi ƙara ko sau ɗaya ba. Baba ya ga yayansa, suka yi la'asar tare a zaune. Kafin magariba Baba ya cika, aka rufe shi kusa da mahaifinsu.

Washegari da safe Sallau ya tarar da Nomau a ƙarƙashin motar, ya sassauta notin yana sake ɗaurewa.

"Me kuma ya faru?"

"Nauyin ya ragu," in ji Nomau.