Kujerar da Guguwar Sulay Ya Cire

A duk faɗin Riyad, daga Dira har Sulay, Allah bai halicci direba kamar Alhaji Maikuɗi ba. Wanda ke musu ya je ya tambaye shi, zai ji daga bakinsa. Mutum ne mai kwarjini, mai baƙin tabarau, mai tumbin da ke riga shi shiga ɗaki ya yi sallama. A Unguwar Ofisoshin Jakadanci yake aiki, don haka in zai gabatar da kansa sai ya ce shi ma'aikacin diflomasiyya ne. Kuma da gaskiyarsa. Shi ke kai matar wani jakada kanti, ya riƙe mata leda, ya dawo da ita gida. In wannan ba diflomasiyya ba ce, to mece ce?

Tsiyar ta faro ne ranar da ɗan jakadan ya sa ya kai shi filin tseren motoci da ke bayan gari. Akwai ranakun da ake buɗe filin ga kowa: ka zo da motarka, ka sa hular kwano, ka yi ta zagaye har ka gaji. Ba kofi ake ci ba, ba sarauta ake naɗawa ba. 'Ya'yan masu hali ne ke zuwa su ƙona taya su koma gida. Alhaji na tsaye a bakin shinge riƙe da gorar ruwan yaron, motoci na wucewa fiu, fiu, sai idonsa ya buɗe. Ya gane cewa duk shekarun nan baiwarsa ake ta ɓarnatarwa a ƙofar kanti.

Ya dawo gida ya tsaya a tsakiyar falo, ya yi gyaran murya.

"Bashira, ki shaida. Yaran nan duk da motocinsu ba su iya kwana ba. Ni da na taso a hanyar Funtuwa, inda rami ke gaishe da rami? Wallahi in na shiga filin nan, sai Larabawa sun tambayi sunan kakana."

Bashira, matarsa, ta ce Allah ya taimaka, ta ci gaba da tankaɗen gari. Da ta san abin da ke tafe, da ta jefe shi da rariyar.

Ita Bashira 'yar Maraɗi ce, kuma tuwonta ne ke riƙe da rabin gidan nan, ko Alhaji ya faɗa ko bai faɗa ba. Duk Juma'a bayan la'asar takan kai tuwo da miyar kuka masaukan ma'aikata a Sulay, wurin bayin Allah da suka kwana shida suna haɗiyar burodi da wake na gwangwani. Ita ke zubawa da hannunta, don ta san mai hawan jini, ta san mai son yaji har ya yi hawaye. A wancan lokacin mace ba ta tuƙi a ƙasar, saboda haka ƙaramar bas ɗin gidan ita ce ƙafarta, Alhaji kuma shi ne direba, yana tuƙi yana toshe hanci.

To bas ɗin nan ya sayar. Bai yi shawara da kowa ba, don manya ba sa shawara. Ya shigo layi da wata jar mota mai ƙofa biyu, gajera kamar an zauna mata a ka, tsohuwa tukuf amma an shafe ta da mai tana ƙyalli. Ya raɗa mata suna Walƙiya.

Bashira ta leƙa ciki. Kujerar baya ko kyanwa sai ta naɗe ƙafa. Ta haɗiye abin da ta haɗiye, ta ce a ranta ba komai, ta zauna a gaba, kula ɗaya a cinya, sauran a cusa a baya. Mai haƙuri yakan dafa dutse. Ba ta san dutsen ma za a cire ba.

Don Alhaji ya gano wani babban ilimi: nauyi shi ne maƙiyin gudu. Ya kai Walƙiya garejin Basiru bakanike a Sulay, mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa ce wa mai mota a'a ba. Shi ne ma ya laƙaba masa Guguwar Sulay, Alhaji ya karɓa hannu bibbiyu. Aka cire kujerar baya. Aka cire safayar taya da jak. Rediyo ya bi su, kafet ya bi rediyo. Aka yanke salansa, har in ya tayar da mota da safe jariran layi su amsa gaba ɗaya. Sannan ya ce a cire na'urar sanyi, wai tana shan ƙarfin inji. A Riyad, jama'a! Garin da ko ƙadangare ke neman inuwa. Aka manna sitika a ko'ina, kowace da irin gudun da take ƙarawa. Da wani ɗan kallo ya ce ko za a duba birki, Alhaji ya dube shi sheƙeƙe.

"Birki na matsorata ne. Na zo gudu ne ko na zo tsayawa?"

Ranar da ya shigo gida rungume da kujerar gaba, ja, mai laushi, da bel ɗinta yana reto, Bashira ta miƙe tsaye.

"Alhaji, wannan fa? A ina zan zauna?"

"Motar tsere ba ta ɗaukar fasinja, balle tuwo. Kin taɓa ganin zakara da warin daddawa?" Ya dire ta a tsakar falo. "Ga ta nan, na bar miki halak malak. Ki yi abin da kika ga dama da ita. Ki zauna ki tsinci shinkafa."

Ku riƙe wannan magana, don ita ta riƙe ta.

An gama gyaran mota, saura gyaran direba. Nan ne fa muka ga abin al'ajabi. Mutumin da ya cire rediyo saboda nauyi bai taɓa sunkuyawa ya dubi abin da ke gabansa ba. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Ya dai sanar cewa ya daina cin tuwo don yana sa ƙiba, ya koma kabsa, dafa-dukar Larabawa, da kaza guda, wai abincin 'yan wasa. Ya sayo hular kwano a gwanjo, yana yini da ita a gida don wuyansa ya yi ƙarfi, in zai ci abinci sai ya ɗaga gilashin ya tura loma ta taga. Ya sayo wata riga haɗe da wando ya ce wuta ba ta cin ta, alhali duk mai ido ya ga ta masu raba tukunyar gas ce. Zik ɗin ya hau har cibiya ya ce nan ne iyakata. Bayan isha'i sai ya ɗauki tiren Bashira ya zauna a darduma, yana juya shi dama da hagu, yana ƙarar inji da baki, yana canza giya da muciya.

"Kin ga wannan kwanar? A nan zan wuce ɗan jakada. Zan ɗaga masa hannu, don mu diflomasiyya ba ma wulaƙanta na baya."

Ita kuwa Juma'a ta zo ta wuce ba tuwo. Wata Juma'ar ta biyo baya, Bashira ta tare tasi, mai tasi ya shaƙi ƙamshin daddawa ya ja motarsa ko waiwaye babu. Daga nan Zayyanu, babba a masaukin ma'aikatan, ya buga mata waya.

"Hajiya, ba don mun ƙi ki ba. Amma in Juma'ar nan ma shiru, yara sun ce za su koma wajen Delou."

Delou! Matar da miyarta in ka leƙa sai ka ga fuskarka. Shekara da shekaru Bashira na gina sunanta cokali-cokali, yanzu a ce jar gwangwani ta rushe shi?

Tana da ƙane, Mamane, da ke jan wata tsohuwar wanet, wato motar a-kori-kura, yana yi wa kafil ɗinsa, Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar, jigilar kwalaye, kuma ran Juma'a ba ya aiki. Matsalar ɗaya ce: kujerar fasinjan ta daɗe da ruɓewa, bokitin fenti ya kife a wurin. Mace mai mutunci da abayarta ba za ta hau bokiti a titin Riyad ba. Tana cikin wannan tunani, tana tsintar shinkafa, sai ta dubi abin da take zaune a kai. Ta shafa shi. Ta ɗauki waya.

"Mamane, kana da mai walda?"

Ran Alhamis aka kai kujerar, aka narka mata ƙarfe a ƙafafu huɗu, ta zauna daram kamar a cikin wanet aka haife ta. Alhaji bai ma lura ta bar falo ba. Ta cikin hular kwano ba a ganin gefe.

Ranar Juma'a, ana sauka daga masallaci, Guguwar Sulay ya shirya. Ya tsaya a gidan mai ya ce a ɗiga masa kaɗan, don fetur ma nauyi ne. A ƙasar da a lokacin fetur ya fi ruwan gora araha! Ya isa fili jiƙe sharkaf da gumi, ya fito da kyar kamar ana zare ɓargo daga ƙashi, ya tsaya ya riƙe ƙugu don masu hoto su samu dama. Babu mai hoto.

Wani mai koyar da tuƙi ya nufo shi, Shakir, haifaffen Riyad, wanda Hausarsa ta kaka ce, rabi da rabi.

"Ahlan, ya ammi. Farko ne ka zo?"

"Farko a nan. Amma ni da sitiyari tun kafin a haifi babanka."

"Ma sha Allah. To sabon zuwa ba ya shiga shi kaɗai. Lazim ni in zauna gefenka, in nuna maka hanya." Ya buɗe ƙofa, ya ga ƙarfe tsirara da ramukan noti. Ya dubi Alhaji. "Ammi, kursi fen? Ni in zauna ina?"

Alhaji ya yi bayanin nauyi. Ya yi bayanin hanyar Funtuwa. Ya ambaci jakada. Ya ce a kawo matashi, ko ya tsuguna ya riƙe ƙofa, ai ba nisa. Shakir ya saurara da ladabi har ƙarshe.

"Babu kujera, babu bel, babu shiga. Halas, magana ta ƙare."

Bashira na ɗaure murfin kula ta ƙarshe waya ta yi ƙara.

"Bashira! Kujera! Ki sa a kawo min kujera yanzun nan, ana jirana!"

"Wace kujera, Alhaji?"

"Kujerata mana!"

"Au, tawa? Wadda ka bar min halak malak? Tana cikin wanet ɗin Mamane, an yi mata walda."

Ta ji numfashinsa yana buga gilashin hula.

"Ku juyo da wanet ɗin nan fili! A yanke waldar! Wannan umarni ne!"

Bashira ta dubi kulolin. Fili yana bayan gari, masaukai na Sulay, rana ta karkata, kuma Delou ba ta barci.

"Alhaji, tuwo ba ya jira. In mun gama rabo, ma yi magana."

Sai ya rantse shi zai zo da kansa ya ƙwace. Kuma a faɗi gaskiya, ya yi gudu ranar. Walƙiya ta yi ruri, ta keta titi, ta yi ta ruri har ta hango rumbunan ajiyar kaya na Sulay. Nan ta yi tari, ta shaƙe, ta yi shiru. Fetur ɗin da ba shi da nauyi ya ƙare. An ce wanda ya hau motar kwaɗayi a tashar wulaƙanci zai sauka, to shi ko tashar bai kai ba.

A bakin titi suka same shi. Bashira na zaune a jar kujera, ta ɗaura bel a kan abaya, hannu ɗaya a taga. Mamane ya leƙo yana danne dariya.

"Yaya Alhaji, har an tashi tseren? Ko nan ne kwanar da za ka wuce ɗan jakada?"

"Kai, rufe min baki! Ku je ku sayo min fetur."

"Babu lokaci," in ji Bashira. "Miji dai ba a barin sa a titi. Mamane, ɗauko igiya. Alhaji, ka shiga ka riƙe sitiyari. Kuma a hankali za mu tafi, kada miyata ta zube."

Haka aka yi. Wanet a gaba, tana tafiyar hawainiya saboda miya. Igiya a tsakiya. Walƙiya a baya da sitikunta duka, Guguwar Sulay a ciki da hular kwano, ya sauke gilashi don kada a gane shi, kamar akwai wani mai tumbin nan da rigar gas a Riyad. Birkin matsorata kuwa ranar ya taka shi har ƙafarsa ta yi tsami, don kada ya daki kulolin. Masauki bayan masauki suka bi. Ko'ina ma'aikata su fito da kwanoni, su ga tuwo su yi kabbara, su ga abin da ke ɗaure a baya su yi tafi. Zayyanu ya cika baki da loma, ya ƙwanƙwasa hular da yatsa.

"Ranka ya daɗe, saura ƙiris ka kamo su!"

Ba wanda ya sake ambaton Delou. Da kula ta ƙarshe ta rage saura, Bashira ta zuba malmala biyu ta miƙa ta taga. Ɗan wasan da ya daina cin tuwo ya ɗaga gilashi, ya share kwano har da suɗi.

Kujerar na nan a wanet har yau, duk Juma'a tana aiki. Walƙiya na ƙofar gida, kyanwoyin layi sun samu ɗaki. Amma kada ku ce Alhaji ya sauko. In aka tambaye shi a Unguwar Ofisoshin Jakadanci yadda aka kwashe, sai ya gyara tabarau ya ce, "Alhamdu lillahi, fitowata ta farko na zo na biyu."

Kuma ba ƙarya ya yi ba. Tuwo ne ya zo na ɗaya.