Taku Ashirin da Uku Daga Na'ura Zuwa Ƙofar Kanti

Ke yarinya mai aikin awa a kanti, ajiye wayar nan ki saurara. In kin bi abin da zan gaya miki, na yi miki alkawari za ki tashi aiki ƙarfe shida, ki kuma fita ƙarfe shida. Kada ki yi dariya, ba abu ɗaya ba ne.

Wata takwas na yi ina zama kan babur a ƙofar wani kantin sutura ina jiran 'yata, ina kallo ta gilashi. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma na iya ƙirga. Daga na'urar da kuke dangwala yatsa zuwa ƙofa taku ashirin da uku ne. Da kin dangwala, albashi ya tsaya. 'Yata kan yi awa guda da rabi cikin takun nan. Ga shi tana da ajin yamma ƙarfe bakwai, na neman shiga makarantar jinya, malamin kuma ya rantse in ta sake makara sau ɗaya zai soke sunanta.

1. Ki san wanda ke tsakaninki da ƙofa

Manaja ne. Ma'aikata na kiransa Minti Biyar. Tun safe "ke" yake ce miki. Da yatsanki ya taɓa na'ura sai ki zama "ƙanwata". Duk wanda zumuncinsa ke farawa bayan an daina biya, ba ɗan'uwanki ba ne.

2. Jaka a kafaɗa, sannan yatsa

Wautar da kuke yi ita ce ku dangwala, sannan ku koma ɗakin ajiya ɗaukar jaka. A can kwalayen sabon kaya suke. Ban taɓa ganin wadda ta shiga ɗakin nan don jaka ta fito da jaka kaɗai ba.

3. Kada a ga hannunki babu komai

Manaja in ya ga hannu a sake sai zuciyarsa ta yi zafi, har sai ya sa masa tsintsiya. Ki riƙe wani abu. Akwai wata kashiya mai hankali da ke fita da ɗanyen ƙwai shida a leda, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da jariri. Ba wanda ke miƙa mata komai. Wata guda ke nan ba ta canza ƙwan nan ba. Ranar da ya fashe kowa zai fita da wuri.

4. Taku na tara: teburin wanduna

Masu saye sun yamutsa shi, na sani. Na kuma san uwarki ta yi miki tarbiyya, ba kya iya wuce kaya a hargitse. To tarbiyyar nan ce jarin kantin. Ki ɗaga kai ki kalli fanka. In kika ninke wando ɗaya, arba'in za su taso.

5. Abin da za ki ce

A taku na sha biyar zai tare ki.

"Ƙanwata, minti biyar kacal. Ai mu nan iyali ɗaya ne."

Ki rusuna, ban ce ki yi rashin kunya ba. Ki ce, "To Yaya, bari in koma in dangwala shiga."

Tari zai kama shi. Zai ce na'ura ta gaji, a bar ta ta huta. Ki lura: a kantin nan na'ura kaɗai ake tausayi.

6. Kada ki ɓuya

Wani saurayi mai kula da sashen takalma ya taɓa tsayawa ƙiƙam cikin mutum-mutumin tallar kaya, wai har manaja ya wuce. Minti Biyar ya kalle shi, ya gyara masa kwala, ya ce rigar ta yi masa kyau, ya tsayar da shi a taga masu wucewa su gani. Har bakwai da kwata yana can, hannu ɗaya a ƙugu.

7. In duk sun ƙi, ki kawo ubanki

Ranar Alhamis shida saura biyar na kafe babur na shiga. Na ce manaja nake so, ba yaro ba.

"Baba, me za a kawo?"

Na ce takalmi. Ya kawo lamba arba'in da biyu, na ce ya matse. Ya kawo da uku, na ce ya yi yawa. Na tambaye shi fatar wace dabba ce, da shekarunta. Ta bayan kafaɗarsa na ga 'yata ta dangwala, jaka a rataye. Ina ƙirgawa a zuci. Tana taku na tara ya fara waiwaye.

"Baba, bari in ɗan..."

Na riƙe hannun rigarsa. Na ce, "Ƙanena, minti biyar kacal."

Ashirin da uku. Ƙofa ta rufu, 'yata ta tari mota, ta shiga aji bakwai saura kwata. Ni kuwa sai bakwai da rabi na sake shi, kwalaye goma sha ɗaya a buɗe a gabanmu, ban sayi ko igiyar takalmi ba.

Ya share gumi ya ce, "Haba Baba, ai tun shida na tashi aiki."

Na ce, "Au, ashe ka san lokacin."

Sanarwa

In an kore ki, in ƙwai ya fashe a jakarki, in an sa ki a taga, ba ruwana, ban san ki ba. Kada kuma ki aiko a ce in zo kantinku. Ajin 'yata sai ƙarshen shekara zai ƙare, kuma akwai sashen huluna da ban taɓa ba tukuna.