Ranar da Anka Yi wa Motar Gawayi Wanka

Jama'a, Juma'ar ga da taw wuce na tashi tun da sassahe in kai albasata kasuwar Jega, ban isa ba sai da karnuka sunka karɓi kasuwa. Ba hatsari munka yi ba, ba ɓarayi sunka tare mu ba. Babban mutum yaz zo taimakonmu.

Ni Iyatu ta Aliero ban san alif ba balle ba'un, amma na san alkawali in na ji shi. Ran da anka ce mun samu jiha tamu ta kanmu, cewa anka yi ko kaza sai ta hau mota. To kaza ba ta hau ba, motar ma ta zamna. Man hetur ya zama jinjirin wata, kowa sai dai shi ce wani ya gani. Maƙwabciyata Gudiya tac ce mijinta ya shiga layin mai tun tana da ciki, yanzu yaro na rarrahe, in uban ya leƙo gida sai shi tsala kuka.

Da wuya tay yi wuya, Mu'azu ɗan ƙanena mai a-kori-kura yat tahi wajen maƙeran Jiga, ƙauyen nan na kusa da mu, sunka ɗaura mishi ganga bayan mota. A cika ta da gawayi, a hura wuta, hayaƙi shi bi bututu shi shiga inji. Kada ku tambaye ni mi inji ka tsinta cikin hayaƙi. Marigayi mijina ma da hayaƙin taba yay yi noma har Allah yak karɓi abinai. Motar dai tana tahiya. Mai jaki kan wuce mu, har shi tambayi mutanen gida. In an zo hawa, kowa shi sauka da mahucinai. Amma ana isa, da babu gara ba daɗi.

Albasar kuwa ita ta duk abin da hwadamar marigayi tab ba ni bana, ita za ni ci har wata kaka. Kuma in motocin kurmi masu kai albasa kudu sunka loda sunka tashi ba da ita ba, to ta zama tawa har abada.

Mun gama lodi, wuta ta kama, sai ga wani mai tumbi da takarda a hammata.

Yac ce, "Wa yab ba ku izinin tashi?"

Mu'azu yac ce, "Ranka shi daɗe, ai wata da watanni muna tashi."

"To tashin banza kunka yi. Ba a ƙaddamar ba."

Nic ce, "Ɗana, mi a ƙaddamarwa?"

"Iya, Mai Girma za shi zo daga birni shi nuna muku motar."

"Wagga da muke zamne ciki?"

"Ita."

Allah shi ƙara wa manya basira. Da hwari anka ce a sauke albasa, don idon Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle ba shi shiri da ita, kada shi yi hawaye gaban talakawa a ɗauka tausai na. Anka jibge buhunana gindin mota. Sannan anka ce a zubar da gawayi, don hwarar riga za shi sa. Sannan anka ce ganga ta yi baƙi, a wanke ta. Bokiti bayan bokiti, da sabulu da soso, ni ko ran aurena ba a cuɗe ni haka ba. Ruwa kuwa ba shi san manya ba, gangare shika bi. Yab bi ƙarƙashin buhunan.

Nic ce, "Wayyo, jama'a, ruwa! Albasa!"

Mai tumbi yac ce, "Iya, yi haƙuri, yau kina cikin tarihi."

Nic ce, "Ni ina cikin tarihi, ita tana cikin ruwa, wa za shi hidda wani?"

Hantsi yaw wuce. Anka sauko Juma'a. Sai wajen la'asar munka ji jiniya, ga motoci jerin gwano, kowace cikinta cike da hetur, har da wadda ba ta ɗauko kowa ba sai kujerar da za shi zamna. Mai Girma yat tashi yac ce tunanin talaka ya hana mishi barci, cikin rashin barcin nan wagga dabara taz zo mishi. Mu'azu yah hi kowa tahi da hannu. Bawan Allah, ya daɗe shina son shi san wa yaƙ ƙera motatai.

Anka yanka ƙyalle, Mai Girma yac ce a tashe ta.

Tsit. Ganga jiƙe sharkaf, gawayi na cikin kwata. Mai tumbi yaƙ ƙihta ido, sai ga jarka ta hito daga bayan wata mota, lulluɓe da darduma awa amarya. Anka zagaya anka ɗura. Mota ta ji abin da tad daɗe ba ta ji ba, tay yi atishawa, tat tashi da ruri.

Mai Girma yac ce, "Kun gani? Ko hayaƙi babu!"

Gudiya da taz zo kallo tar rangaɗa guɗa. Nic ce ke kuma mi? Tac ce, "Yaya, na ga hetur da idona!"

Munka maida kaya da sauri munka kama hanya. A nan nis sara wa mutanen ga, don sun iya awo. Daidai inda idon Mai Girma ka ƙarewa, nan mai yaƙ ƙare. Muna cikin turi sunka zo sunka wuce, har da ɗaga muna hannu, Allah shi saka. Maza sunka shiga daji tsintar itace, mata munka yi ta hura jiƙaƙƙar ganga har huhu yab bushe.

Mun shiga Jega motocin kurmi sun tashi, mahauta na wanke wuƙaƙe. Attahiru dillali yas sa hannu cikin buhu, yah hiddo, yas sansana.

"Iya, wagga albasa kogi taƙ ƙetaro?"

"A'a, taro tah halarta."

"To sai ki kai ta wani taron. Kurmi dai ba ta zuwa."

Na dawo da abina, ga ta nan ɗaki tana zubar da ruwa, ƙudan Aliero duk sun yo gaisuwa. Amma ban ƙullaci kowa ba, don na ƙaru. Wanda yab bi layi ba shi samun mai, wanda yac ce ba shi so, shi aka biyowa da jarka har gida. Yanzu daga nan har Maiyama ba motar da ba a goya wa ganga ba, kowa na jiran ƙaddamarwa. An ce a Karaye wani ya goya wa keke.

Don haka wanda yas san ƙohwar gidan Mai Girma shi isar mishi da gaisuwar tsohuwa. Shi ce na gano motar da ka tahiya da ruɓaɓɓar albasa, man motar kuwa buhu-buhu gare ni, kullum ƙara ƙarhi shikai. Motar kam ban da ita tukuna, amma wannan ba shi hana taro.