Ranar da Na Yi wa Gitar Habibu Kwalliya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na so rufa wa ɗana asiri ba, na ƙare ni ce mai neman rufin.

Habibu ya koyo aikin katako a Maradi, ya dawo Gazawa ya ce shi gita zai riƙa ƙerawa. Babansa ya ce wannan ɓata lokaci ne, in ta farko ba ta karɓu ba, gona zai koma. Kayan aikin ma da kansa ya haɗa su a rumfar ƙofar gida: tsohon bututun hayaƙin moto, wato babur, da yake cusa wa garwashi ya lanƙwasa siraran katakai a kansa, da robar cikin taya da ya yayyanka don ɗauri. Sai wani ƙaton katako mai kauri, mai ƙugu irin na gita, tsakiyarsa rami fayau. Kullum shi nake gani yana juyawa, yana aunawa. Ni kuwa na ɗauka ita ce gitar (karatun manya na yi, na iya rubuta sunana da karanta saƙon waya, amma malamarmu ba ta taɓa kawo mana gita aji ba).

Wani mai kiɗan biki daga Agiye ya ba Habibu aikin gitar farko, kuma ranar zai zo karɓa. Da sassafe Habibu ya tafi Maradi sayo wayoyin da za a ɗaura mata. Na shiga daka, na bari. Na ɗora tukunya, na fito na leƙa rumfa, na koma, na sake fitowa. Katakon nan duk kaushi, ga ƙusoshi a waje. Maƙwabciyata Hajara ta zo aron rariya, ta dube shi, ta ce ita dai a wayar ɗanta gitoci ƙyalli suke yi.

Ni da ake cewa ina da haƙuri, ranar ban san inda ya shiga ba. Na ɗauko wuƙar da nake gyaran ƙwarya da ita, na kankare cikin ramin nan har ya yi sumul. Na gasa ƙarfe na zana masa zanen ƙorai gefe da gefe, na mulke shi da man gyaɗa, na ɗaura masa tuntu ja (har da tuntu, jama'a).

Baƙon ya riga Habibu isowa. Na shimfiɗa masa tabarma, na dama fura. Baban Habibu na zaune, Hajara na bakin zaure. Na kinkimo abin lulluɓe da sabon zane, na ce a yi haƙuri da yaro, koyo yake, ni na ɗan taimaka masa da hannu. Na yaye zanen.

Mutumin ya daɗe yana kallo. Ya zura hannunsa ta ramin har kafaɗa, ya ce a hankali, "Inna, wannan ta ina ake kaɗa ta?"

Daidai nan Habibu ya sauka daga kabu-kabu. Ya dubi abin, ya dube ni, ya shige ɗakinsa. Sai ga shi da gita ta gaskiya, mai sheƙi, wadda ya rataye ciki saboda ƙura. Ya ce, "Inna, wancan ai mazubi ne. Cikinsa nake matse katakon ya ɗauki siffa." Ya shafa inda na kankare, ya shinshina yatsansa, ya ce yanzu duk gitar da ta fito daga nan ƙugunta a karkace zai zo, kuma man gyaɗa ba ya barin gam ya kama.

Hajara ta toshe baki da mayafi. Ni ko na rasa inda zan sa idona, sai na hau tattara kwanon furar da baƙo bai gama sha ba.

Aka ɗaura wayoyi, mutumin ya kaɗa, ya gyaɗa kai, ya ce a yi masa ta biyu. Baban Habibu ya yi gyaran murya, bai ƙara zancen gona ba. Amma ta biyun sai da ta jira sabon mazubi, ni na riƙe katako Habibu na yanka, rana na dukanmu.

Tun daga nan na koyi cewa taimakon da ba a nema ba, a fara da tambaya. Yanzu in zan ratsa rumfar nan, hannuwana a baya nake haɗe su. Ko tsintsiya na gani a ƙasa, sai na ce, "Habibu, wannan ta shara ce, ko ita ma injin ce?"