Tukuici a Kan Kyautata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya kwashe mini komai, da ranar da Farfesa Lawali ya ba ni tukuici a kan kyautar da na kai masa da gumina. Wanda ya tashi a gida ya san girman wannan cin fuska. Tukuici na ɗan aike ne. Mai kyauta godiya ake yi masa, a kama hannunsa, a zaunar da shi. Ni kuwa a falonsa na garin Bowie, nan Amurka, a gaban manyan mutane, aka mai da ni ɗan aiken kaina.

Amma bari in ba kowa haƙƙinsa, har da ni, don wautata ba ƙarama ba ce a cikin maganar nan.

Ni direban wani shagon kayan abinci ne a Hyattsville. Shagon na Alhaji Baba ne, mutumin Kumasi, ni nake kai wa mutane kaya gida-gida: shinkafa, manja, doya, naman rago. Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya a Gusau, kuma ba na ɓoyewa. Gidajen likitocinmu da injiniyoyinmu babu wanda ban san ƙofar garejinsa ba. Ƙofar gaba ce dai ban cika sani ba. Yawancinsu "na Alhaji Baba" suke ce mini, ni da furfura a gemu.

Shi Farfesa mutumin Damagaram ne, a Faransa ya yi karatu, yana koyarwa a wata jami'a a Washington. Bayan wata Sallah ƙungiyarmu ta Hausawa ta kama zaure, aka ce zai yi lacca kan falsafar Faransawa. Ni shinkafa ce ta kai ni (maganar Allah, an ce akwai dafa-duka da kaji). Na zauna can baya kusa da kuloli ina jira ya gama.

Sai bawan Allahn nan ya fara da Hausarsa ta Nijar, yana yi yana jefa Faransanci, yana cewa "bon", yana cewa "wala". Ya ce Faransawa sun tuntsurar da sarkinsu, suka rubuta a takarda cewa kowa daidai yake da kowa. Daga baya masanansu suka duba suka ga takarda ba ta gama aikin ba. Ana iya biyan mutum albashinsa cif, a ba shi katin zaɓe, amma a zalunce shi da ido, a dube shi ba a gan shi ba. Ya ce suna da kalma ɗaya, rekonesans, wato a amsa cewa kana nan, kai ma mutum ne. Nan na daina leƙen kuloli.

Ya ce wani masaninsu ya yi nazarin kyauta, ya gano ba kayan ne abin ba. Mai bayarwa cewa yake yi "na gan ka", mai ramawa ya ce "ni ma na gan ka". Wanda kullum sai dai a ba shi, ba a taɓa barinsa ya bayar, an cire shi daga sahun mutane. Wani kuma ya ce matsayi ba a cikin kai kaɗai yake zama ba, har a jiki yake: gwiwar talaka tana durƙusawa tun kafin kansa ya yanke shawara. Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, har da tafi, ina cewa a raina ai ni ba na cikin irin waɗannan.

Ranar na koma gida kamar wanda aka yi wa wahayi.

"Hajara," na ce wa matata, "kin san abin da ke damuna a ƙasar nan tun zuwana? Rekonesans."

Ta ce, "Allah ya sawwaƙe. Inshorarmu za ta biya maganin?"

A shago ma na fara yi wa Alhaji Baba darasi, ya saurara kaɗan ya ce, da irin kiransu na Kumasi, "Massa, ɗauki doyar nan ka tafi, Faransawa ba za su biya mana haya ba."

Ana nan sai 'yar Farfesa ta haihu, aka sa gayyatar suna a guruf ɗinmu na waya. Na ce yawwa, ga damata. Zan kai kyauta irin ta tsara da tsara, in ga falsafa da idona. Na sayi cinyoyin rago daga aljihuna, na roƙi Hajara ta yi dambun nama, don duk Maryland ban ga mai hannunta ba. Ta dafa, ta daka, ta soya, hayaƙi ya tada ƙararrawar gobara har maƙwabcinmu ya buga ƙofa. Ni kuma ina gaban madubi ina haddar jawabi: "Farfesa, na gan ka, kai ma ka gan ni." (Har da ɗaga gira nake yi, Allah ya yafe mini.)

To ga inda wautar take. Ba mu da mazubi mai kyau, sai na zuba dambun a robobi na jera a kwalin shago, mai sunan shago ɓaro-ɓaro a jiki. Motata tana wurin bakanike, sai na ɗauki motar shago. Na isa Bowie da rana tsaka cikin babbar riga mai sitaci, baƙi suna ta shiga ta ƙofar gaba. Ni kuwa ban ankara ba sai ga ni a gareji, ina ƙwanƙwasa ƙofar kicin. Ƙafafuna ne suka kai ni, ban aike su ba.

Na ratsa kicin na shiga falo rungume da kwali. Farfesa yana zaune cikin likitoci da 'yan kasuwa.

"A'a, na Alhaji Baba! Bisimilla, ajiye nan."

Ya buɗe roba ɗaya, ƙamshi ya cika falon.

"Wala! Dambun nama! Kai, Alhaji Baba ya gama mini komai. Jama'a, ku ga mutunci irin na mutanen Kumasi."

Ya sa hannu a aljihu, ya fito da takardar kuɗi a naɗe, ya miƙo mini da fara'arsa.

"Ga tukuici. Ka ce masa na gode ƙwarai."

Jawabina yana nan a bakin harshe. Kalma biyu kawai ake bukata: nawa ne. Mai karatu, ka san me na yi? Durƙusawa na yi. Babbar riga ta baje a kan kafet, na miƙa hannu biyu, na ji wata murya mai kama da tawa tana cewa, "Allah ya ƙara girma, ranka ya daɗe. Zai ji."

Zai ji! Wa zai ji?

Na fita da baya-baya, ta kicin, ta gareji. Ko tuwon suna ban ci ba. Na zauna a motar shago ina duban gwiwoyina kamar 'ya'yan da suka ba ni kunya a gaban surukai.

Da na koma gida Hajara ta tare ni a ƙofa. "Ya ci? Ya yaba?" Na ba ta labari. Ta yi dariya har ta dafa bango, sai kuma ta buɗe tafin hannunta da taɓarya ta tayar wa bororo.

"Kai ai ka ci riba, Malam, an ba ka tukuici. A jawabin naka da kake yi wa madubi, ni ban ji sunana ba."

Wannan ta fi ta Farfesa zafi.

Ranar Litinin Alhaji Baba ya ƙarasa ni. "Massa, Farfesa ya kira yana ta gode mini wani dambu. Ban gane ba, amma na ce masa ba komai, yi wa kai ne."

Abin da na koya ke nan, in ma darasi ne: falsafar Faransawa ta shiga kaina amma ba ta sauka gwiwata ba, ta fito daga bakin Farfesa amma ba ta hau idonsa ba. Ba mugu ba ne, wallahi. Ya ga kwali, ya ga motar, ya ga ƙofar da na shigo, ya haɗa lissafinsa. Ni ne kawai bai gani ba, kuma ni na taya shi.

Ranar Juma'a bayan an idar da salla na tare Farfesa a wurin ajiye motoci na masallaci. Na ƙanƙame gwiwoyina na tsaya ƙyam, na ba shi hannu ɗaya.

"Farfesa, dambun ranar suna ba na Alhaji Baba ba ne. Nawa ne. Ni na sayi naman, matata Hajara ta daka shi da hannunta."

Ya cire tabarau. Fuskarsa ta sauya, har ya ba ni tausayi.

"Innalillahi! Don Allah ka yi haƙuri, Malam... Malam..."

Ya tsaya yana lalube. Babu sunan. Na bar shi ya laluba kaɗan, sannan na ce:

"Ba haƙuri na zo karɓa ba. Kai ka koya mana cewa wanda ba a bari ya bayar an cire shi daga sahun mutane, kuma na yarda da kai. Asabar mai zuwa 'yata za ta yi saukar Alƙur'ani, muna walima a Hyattsville, hawa na uku, babu lif. Ka zo da kyautarka, ka ɗauko ta da hannunka. Kafin nan ka tambayi mutane sunana, ba wuya. In ka shigo ka kira ni da shi, ka gai da Hajara, zan zaunar da kai in yi maka godiya. In kuwa na ji 'na Alhaji Baba', takardar nan taka tana aljihuna, ko warware ta ban yi ba. Wallahi a gaban kowa zan ba ka tukuicinka."